Ƙafar Ba Jere

Lahadi, 19 ga Oktoba, ƙarfe huɗu na yamma

Koci ne ya raba mana littafin nan a farkon kakar wasa, wai kowa ya riƙa rubuta kurakuransa bayan wasa. Wata biyu yana cikin jakata ban taɓa shi ba. Ni a aji bakwai na bar makaranta, biro nauyi yake yi mini. Yau na buɗe.

Ban je coci ba. Ba Mayo, mahaifiyata (mu nan babba sai da "Ba" a gaban sunansa), ta leƙo ta ce, "Lombe, ko shayi?" Na ce na sha. Ta dubi kofin, ta dube ni, ta ja ƙofa.

Na wanke takalman ƙwallona. A haƙoran na dama na tarar da wani koren zare ya naɗe. Mu jar safa muke sawa. 'Yan Luansobe ne masu kore.

Alƙalin wasa bai busa ba. Ƙwallo na fara taɓawa kafin ƙafar Ba Jere na Luansobe, duk filin ya gani. Mun ci ɗaya da nema.

Litinin, 20 ga Oktoba, da safe

An yi wa Ba Jere aiki jiya. Ƙashi biyu na ƙwaurin hagu, an sa ƙarfe.

Litinin ɗin dai, bayan azahar

Zafi. Furannin jakaranda sun zube a hanyar filin atisaye, ka taka su babu sauti, kamar kana tafiya a kan bargon wani. Na yi ta tafiya har na wuce ƙofar filin ban sani ba.

Ina da shekara goma sha shida Ba Jere ya tsayar da motarsa a bakin filin Chamboli, muna buga ƙwallo ba takalmi. Ya kira ni ya ce, "Kai mai kunnen nan, ɗan ina ne?" Na ce ɗan Bemba. Ya kama kai ya ce, "Wayyo, ɓarawo! Shigo mota kafin ka sace tayar." Shekara biyu ina kwana a falonsa. Ya tafi Afirka ta Kudu ya yi kaka biyu, ya dawo ya tarar na girma, wuri ɗaya kuma muke bugawa a tsakiya. Shi ya sa na bar masa Luansobe na koma Mwambashi. Babu faɗa. Shi ma ya rako ni da jakata.

Shekara shida riga mai lamba takwas ta ƙungiyar ƙasa tana jikinsa. Ni sau uku ana sa sunana a jerin masu jira. Sau uku na je Lusaka, na yi atisaye, na dawo a bas da sabon wando da hula. Kowa yana cewa Lombe akwai haƙuri. Ni ma haka nake cewa.

Laraba, 22 ga Oktoba, ƙarfe biyar na yamma

Na je asibiti. Tun daga gida nake shirya maganar a bakina, jimla uku ce kawai.

Ɗakin cike. 'Yan'uwansa daga Chipata, 'yan wasan Luansobe, matan cocinsu da kuloli. Yana hango ni ya ɗaga murya:

"Ku ɓoye wayoyinku! Bemba ya shigo!"

Aka kwashe da dariya. Shi Ngoni ne, ni Bemba, abokan wasa tun kakanni. Mbuya muke kiran juna. Duk abin da ya shiga tsakaninmu wasa ne, wanda ya yi fushi shi ya ji kunya.

Na ce, "Ba Jere, na zo ne in..."

"In me? In ƙarasa ɗayar? Ga ta nan, mbuya, amma ka bari in gama cin lemo."

Wata gwaggonsa mai ƙiba ta taso da gwangwanin hoda ta zazzage mini a ka. Ta ce, "Biri nawa ka ci ranar Asabar, jikan masu cin biri? Faɗa mana, mu ma mu ba namu yaron." Ta ce ba zan fita ba sai na taka rawa. Na taka. Suna tafi, hoda na zuba a kan simintin ɗakin. Suka tsaya suna jiran in rama, don in ban rama ba na ɓata wasa. Na ce, "Ƙashin mai cin ɓera ai dama ba ƙwari." Har ma'aikaciyar jinya sai da ta dafa bango.

Shi ma ya yi dariya, da ƙarfi, ya fi kowa. Amma hannunsa na riƙe da ƙarfen gado, jijiyoyin duk sun fito. Idonsa kuma bango yake kallo, ɗan sama da kaina.

Matarsa, Bana Tisa, tana gefe tana ninke tawul. Ta ninke, ta warware, ta ninke.

Na dawo da jimlolina uku.

Juma'a, 24 ga Oktoba, da hantsi

Ranar 'yancin kai. Yara sun wuce da tutoci da ganga. Na je aski, don har yanzu ina jin ƙanshin hodar nan a kaina.

A shagon an kunna bidiyon karon namu a waya. Wani ya rage masa gudu, sai ka ga mutum biyu suna zuwa wa juna a hankali kamar a ƙarƙashin ruwa. Mai aski ya ce, "Tsaf! Ƙwallo ya ɗauka. Kowa ya ce da gangan ne ya zo in aske shi kyauta da kwalba." Wani dattijo ya ce, "To ƙafar da ta biyo baya fa?" Mai aski ya ce, "Baba, ƙafa birki gare ta? Mota ce?" Sai suka ga ni ne a kan kujera. Aka koma maganar farashin gari.

A wayar babu sautin. Gara haka.

Asabar, 25 ga Oktoba, a bas, muna dawowa daga Ndola

Koci ya cire ni a hutun rabin lokaci. Ya ce, "Lombe, tallan gyaɗa ka zo yi? Mutum ya wuce ka sau huɗu kana yi masa sannu da zuwa." Na ce cikina ne.

Lahadi, 26 ga Oktoba, bayan azahar

Na yi barcin rana na yi mafarki. Filinmu ne amma ciyawar ta kai ƙugu, babu kowa a kan benci, babu raga. Ƙwallo na birgima a gabana ita kaɗai tana buɗe hanya a cikin ciyawa. Ina bin ta, ba gudu ba. Can nesa tudun baƙin dutsen ma'adinai yana tafiya shi ma, a hankali, kamar saniya. Ban ji tsoro ba. Daɗi ma na ji. Da na farka ne na ji kunyar daɗin.

Talata, 28 ga Oktoba, da yamma

Na roƙi Kawu Bwembya ya je a madadina, yadda manya suke yi. Ba Mayo ta zaɓi farar kaza, aka haɗa da ƙaramin buhun garin masara. Ya sa kwat ɗinsa ta coci ya tafi gidansu a unguwar Ndeke, don an sallami Ba Jere jiya.

Ya dawo yana warin giya yana dariya.

Ya ce, "Ɗana, mun sha kunya! Na durƙusa, na tafa hannu, ban ma buɗe baki ba baffansa ya ce, tun yaushe Bemba ke ba Ngoni haƙuri? Wai in tashi kafin ƙasa ta tsage. Suka ƙwace kazar suka ce dama ta sata ce, mai ita na nan tafe. Nan take aka yanka, ni aka ba wuya."

Na ce, "Shi fa? Me ya ce?"

"Ya ce a gaya maka kazarka ta fi ka nama. Ka ga? Babu komai. Magana ta mutu."

Ba Mayo ta ce, "Mun gode Allah." Ta tafi ɗora tukunya.

Babu komai. Kowa haka yake cewa.

Laraba, 29 ga Oktoba, da safe

Na wanke takalma. Ba su yi datti ba.

Alhamis, 30 ga Oktoba, ƙarfe ɗaya

Sakataren ƙungiya ya kira ni ofis bayan atisaye, ya miƙo mini takardar ƙungiyar ƙasa da hannu biyu. Na karanta da yatsa. Sunana na nan, na goma sha huɗu, ba a ƙasa inda ake sa masu jira ba. Sansani ranar Litinin, goma ga Nuwamba, ƙarfe takwas na safe. Wasa biyu, ɗaya a gida ɗaya a waje.

Na nemi sunansa duk da na sani. Na bi jerin sau biyu.

Ba Mayo ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka fito. Matar gidan baya ta ce, "Haƙuri ya yi rana!" Aka ɗaga ni sama. Daga can na hango rufin gidaje da hayaƙin masana'anta yana tsaye cak, babu iska. Na ji kamar wani ake ɗagawa ni kuma ina bakin titi ina kallo.

Asabar, 1 ga Nuwamba, da la'asar

Ruwan farko. Na zaci in ya sauka wani abu zai sauka tare da shi. Ƙasa ta yi ƙamshi, shinge ya tashi, yara sun fito da kwanoni suna kamawa. Shi ke nan.

Lahadi, 2 ga Nuwamba, da yamma

Na je Ndeke. Mutum goma sha ɗaya na ƙirga a falo. An aza ƙafar a kan matashi, 'yan wasa sun cika farin ɗaurin da sa hannu. Ya miƙo mini biro ya ce, "Sa naka mana, ai aikinka ne. Ko ba ka iya rubuta sunanka ba?" Na sa. Aka yi tafi.

Wannan kujerar da yake kai, a kanta na kwana shekara biyu. Har yanzu akwai ƙunar da na yi mata da dutsen guga.

Litinin, 3 ga Nuwamba, da magariba

Shirin wasanni na rediyo. Mutane suna ta bugowa, rabi suna cewa na cancanta, rabi suna cewa ƙasa ba ta buƙatar mahauci. Sai mai shirin ya ce ga baƙo a kan layi.

Muryarsa ce. Ya ce, "Ku ƙyale mini yarona. Ni na raine shi, shinkafata ya ci har ta ƙare. Ƙwallo ce, ba rawar biki ba. Abu ɗaya nake roƙon ƙasa, in an ba shi rigar a ƙirga ta bayan wasa, kada a gan ta gobe a kasuwar Chisokone."

Mai shirin ya yi dariya har ya shaƙe. Ba Mayo ta share hawaye ta ce, "Mutumin nan ɗan Allah ne."

Da ya gama magana, kafin a katse layin, na ji ya saki numfashi. Ba wanda ya ji sai ni. Na san numfashin nan. Shi yake yi idan an tashi wasan da aka ci mu, bayan ya gama gaisawa da kowa.

Talata, 4 ga Nuwamba, da safe

Na je har kwanar gidansa. Motoci uku a ƙofa. Na juyo.

Laraba, 5 ga Nuwamba, da rana

Abin da ya fara koya mini, kafin bugu, kafin gudu: ka duba kafin ƙwallo ta iso. Yakan tsayar da atisaye ya rufe mini ido da tafinsa ya ce, "Wa ke bayanka? Wace ƙafa ya dogara a kai? Gola ina yake?" In na kuskure ya ja mini kunne. Har na kai ina shiga bas in san mutum nawa ne a ciki, wa ke da ciwon baya, wa bai biya ba yana ɓuya. A fili ba abin da ke wuce ni. Shi ya sa ake biyana. Shi ya sa aka kira ni.

Mutane suna cewa abin da sauri ya faru. A wurinsu.

Koci ya ce kurakurai za mu rubuta a nan. Na juya shafi.

Alhamis, 6 ga Nuwamba, da yamma

Na ce wa koci cinyata tana ja. Ya matsa, ya lanƙwasa, ya dube ni. Ya ce, "Wannan cinyar ta fi tawa lafiya. In ba za ka je ba, ka faɗa musu da bakinka kafin Litinin, akwai yara ɗari da za su tafi Lusaka a ƙasa. Shekara nawa kana jira?" Na ce huɗu. Ya ce, "To?"

Ba zan iya sa rigar ba. Ba haka ba, da hoda a kaina.

Juma'a, 7 ga Nuwamba

Ruwa tun safe. Ban je ko'ina ba.

Asabar, 8 ga Nuwamba, ƙarfe uku

Ba Mayo ta aike ni kasuwa sayen busasshen kifi da ganyen kabewa, wai sai na ci tuwon gida kafin tafiya. Ta riga ta goge mini kaya ta jera a jaka. Ban gaya mata komai ba.

A layin masu tumatir wani ya taɓa mini gwiwar hannu. Bana Tisa ce. Na fara gaisuwa ta katse ni.

Ta ce, "Ni 'yar Kaonde ce, Lombe. Babu wasa tsakanina da kai."

Na ce, "Haka ne."

"Na dafa maka abinci shekara biyu. Yanzu ko fuskarka ba na son gani, gara ka sani."

Na ce, "Na sani."

"Mijina in baƙi suka tafi ba ya magana. Jiya ya ce in matsa masa muƙamuƙi da ruwan zafi, wai ciwo yake. Dariya ce ta gajiyar da shi." Ta ɗaga tumatir ɗaya, ta duba, ta ajiye. "Gobe zan kwashe kowa mu tafi coci, har gwaggo. Ƙarfe tara zuwa sha biyu. Ƙofar baya a buɗe take."

Ta wuce. Ba ta jira na amsa ba. Na dawo gida na manta kifin.

Lahadi, 9 ga Nuwamba, ƙarfe uku da rabi, a bas

Rubutun zai karkace, hanyar ba kyau.

Ba Jere yana zaune a bayan gidansa ƙarƙashin mangwaro, ƙafar a kan kujerar roba, sandunansa sun faɗi can nesa inda hannunsa ba ya kai. Ya rame. Ban lura ba a falo, don a falo bakinsa nake kallo.

Yana ganina ya ce, "Kai! Ta baya? Ka ga halin Bemba, ko ƙofar..." Sai ya waiga. Babu kowa. Kaza ɗaya ce tana tono a gindin katanga. Maganar ta tsaya a nan, bai ƙarasa ba.

Ya ce, "Zauna."

Na zauna a ƙasa. Ciyawar da laima. Ana jin waƙar coci daga nesa tana zuwa tana komawa. Jimlolina uku na neme su na rasa.

Ya ce, "Ka ga ƙafar ranar?"

Na ce, "Na gan ta."

"Ta kafe a ƙasa."

"Ta kafe."

"Akwai lokacin janyewa?"

Na ce, "Kaɗan."

"Ban tambaye ka yawansa ba."

Na ce, "Akwai."

Na rubuta yanzu. Akwai. Ban yi niyya daga gida ba, ban yi niyya da aka fara wasa ba. Amma a wannan ɗan lokacin na ga ƙwallo, na ga ƙafa, na ga Lusaka, kuma ban janye ba.

Bai yi ihu ba. Ya ɗauki kofin da ke gefensa ya juya shi a hannu, na zaci zai jefe ni, na ma so ya jefa. Ya ajiye. Hawaye suka zubo masa bai share ba.

Ya ce, "Tun ina kwance a ciyawa na sani. Ni na koya maka ido. Sati uku ina jira wani ya bar ni in ji haushi." Ya shafa ɗaurin. "Likita ya ce wata tara, in an yi sa'a. Shekarata talatin da biyu. Ko ɗan aji bakwai ya san amsar."

Na ce, "Ba Jere, ku yafe mini."

Ya ce, "A'a."

A hankali ya faɗa, yana kallona. Tun ranar Asabar ɗin nan yau ne ya fara kallon idona.

"Ba yau ba. Wataƙila ba bana ba. In ya zo zan aiko, in bai zo ba shi ke nan."

Na ce, "To. Zan kira su in ce ba zan zo ba."

"Don me? Ƙashin ya haɗe? In ka zauna wani yaro zai sa rigar, ni ina nan yadda nake, sannan gari ya ce Jere ya hana yaro ci gaba. Kada ka ɗora mini wannan kuma. Tafi ka buga. Amma ji nan. Kada ka kira ni. In ka ci ƙwallo kada ka ɗaga riga da sunana, kada ka nuna sama da yatsa, ban mutu ba. In 'yan jarida sun tambaye ka ni, ka ce ba ka sani ba."

Na ce, "To."

Na miƙe. Na kai bakin ƙofa ya ce, "Lombe." Na juyo. Ya kau da kai ya ce, "Tun ƙarfe tara fitsari nake ji. Matar nan ta tafi ta bar sanduna a can."

Na ɗauko sandunan, amma ƙasar ta jiƙe, suna nutsewa. Sai na durƙusa ya sa hannu a kafaɗata, na riƙe ƙugunsa. Taku goma sha tara zuwa bayi. Na ja masa ƙofa na tsaya a waje har ya gama, na mayar da shi ƙarƙashin mangwaro, na gyara masa ƙafar a kan kujera. Bai ce na gode ba. Na fita ta inda na shigo.

Mun wuce Kapiri, mun nufi Lusaka. Gonaki sun yi kore, mata suna shuka a layi, wata ta miƙe ta dafa baya tana kallon bas. Yaron da ke kusa da ni ya gane ni, ya ce, "Kai ne sabon lamba takwas?" Na ce ni ne.

Kafaɗata ta dama har yanzu tana zafi inda yatsunsa suka kama.